Mai gyaran da ya san tsohon kibod a Birnin Kebbi

Duk wanda ke da tsohuwar kwamfuta a ajiye a Birnin Kebbi, ko tsohon kibod mai ƙaton kai zagaye da ya rasa inda zai soka shi, akwai wani shagon gyara a layin masu kayan lantarki kusa da babbar kasuwa da ya kamata ya sani. Ba zan ambaci sunan shagon ba, don ina da yabo ina kuma da suka. Shago ne ɗan ƙarami, tebur biyu da benci ɗaya, sai kanta maƙare da kwalaye har rufi. Mai shi bai fi shekara arba'in da 'yan kai ba, da yara biyu masu koyon aiki a ƙarƙashinsa. Yawancin abin da ke kawo masa abinci laftof ne da firinta, kamar kowane mai gyara a garin nan. Abin da ya bambanta shi da saura, ya san kayan da suka girmi yaran shagonsa, kuma ba ya yanke wa na'ura hukuncin mutuwa sai ya gwada ta.

Ni sana'ata buga rubutu. Da tafireta na fara a Sakkwato, aka dawo da mu Birnin Kebbi bayan an ƙirƙiro jiha a 1991, a nan na koma kan kwamfuta har na yi ritaya. Yanzu ina buga wa ɗaliban kwalejin Waziri Umaru aikin kammala karatu, da wasiƙu da takardun yarjejeniya na mutanen unguwa. Mai irin aikina ba ya wasa da kibod, don a kansa yatsunsa ke wuni. Aiki biyu ne suka haɗa ni da shagon nan, kuma a kansu zan auna shi.

Na farko ba nawa ba ne, na wani aminina ne mai ɗab'i. Alhaji yana da kwamfuta 386, wato mai ƙwaƙwalwa samfurin 386, tun shekarun 1990, a cikinta akwai rubuce-rubucen da ya taɓa buga wa malamai, waɗanda wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu kwafinsu a wani wuri. Ɓera ya cinye wayar kibod ɗinta. 'Ya'yansa suka shiga sito suka zaƙulo wani kibod mai nauyi, mai tambarin IBM, aka soka kansa a ramin ya shige daram. Da aka kunna, kwamfuta ta yi 'yar ƙara, ta rubuta cewa akwai matsalar kibod, a danna F1 a ci gaba. Aka danna, shiru. Masu gyaran da aka fara kai wa suka ce madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, ya ƙone, a sayar wa 'yan gwangwan a huta. Alhaji bai yarda ba, shi ya sa muka ɗora ta a Keke Napep muka nufi kasuwa.

Mai shagon bai fara da kwance kwamfutar ba. Kibod ɗin ya ɗauka ya ɗora a cinya, ya bi madannan F da yatsa yana ƙirgawa: guda goma, a jere biyu a gefen hagu. Ya duba kusurwar dama ta sama, babu fitila ko ɗaya. Ya kife shi ya duba cikinsa, sannan ya ɗago ya ce da Alhaji, "Baba, wanga kibod lahiya lau shike. Ina zaton kwamfutarku ma lahiyatta lau. Maganar juna ce ba su ji." Ya tura yaro ya sauko da wani kwali, ya zaro wani kibod da ya yi rawaya don tsufa, ƙirar Taiwan. A ƙarƙashinsa akwai ɗan makunni da bai kai ƙwayar wake ba, gefe ɗaya an rubuta XT, ɗayan AT. Ya sa bakin sukundireba ya tura shi zuwa AT, ya tabbatar kwamfuta a kashe take, ya soka, ya kunna. Fitilu uku na kibod suka yi walƙiya tare suka mutu. Ya danna F1, ta amsa.

Abin da ya bayyana mana a tsaye, na kuma bi diddiginsa daga baya na tarar haka yake, ga shi. Kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta PC a watan Agusta 1981, da kibod mai madannai 83 da kai zagaye mai tsinke biyar, wanda ake kira DIN. Ta XT da ta biyo baya a 1983 da wannan kibod ɗin ta zo. A 1984 sai aka fito da AT, mai kibod na madannai 84. Ba a canza kan wayar ba, ba a canza jerin tsinkayen ba: na wuta mai bolt 5 yana inda yake, haka na ƙasa, da na agogo, da na saƙo. Abin da aka canza shi ne yadda ake maganar. Tsohon kibod shi kaɗai ke magana, ya aika lamba, kwamfuta ta karɓa. Na AT kuwa yana faɗa yana kuma ji. Kwamfuta na iya ba shi umarni ya sake shiri, ya kunna fitilar Caps Lock, ya ƙara ko ya rage saurin maimaita harafi. Shi ya sa rashin fitila ya zama alamar farko da mai shagon ya duba. Kwamfutar Alhaji tana tashi sai ta aika wa kibod umarni ta jira amsa, shi kuma tsohon bai san ana yi ba, sai ta ɗauka babu kibod.

Ko da za ta saurare shi, lambobin ma ba ɗaya ba ne. Kibod ba harafi yake aikawa ba, lambar gurbin madanni yake aikawa. A tsohon tsari lambar madannin A ita ce 30, a sabon tsari 28. Ita kuma 28 ɗin nan a tsohon tsari ta Enter ce. Idan ka ɗaga yatsa, tsohon kibod yakan ƙara 128 a kan lambar don ya nuna an saki madanni, sabon kuwa sai ya fara aika wata lamba ta musamman, 240, sannan ya maimaita ta madannin. Har tsawon saƙon ya bambanta, don na AT yana ɗauke da ƙarin alama ta tantance ko saƙo ya iso daidai. Kamar dai ka zaunar da Bazabarme da Badakkare a tabarma ɗaya kowa na zuba da harshensa: bakinsu lafiya, kunnensu lafiya, tafinta ne babu. A madabod na AT akwai wata aisi, wato 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, ta Intel mai lamba 8042 da ke karɓar sababbin lambobin ta mayar da su tsofaffi, domin manhajojin da aka rubuta wa PC ta farko su ci gaba da aiki. Amma daga sabon kibod take karɓa, ba ta san hanyar tsohon ba. Ganin duka kwamfutocin biyu suna kasuwa a lokaci ɗaya, kamfanonin da ke kwaikwayon IBM suka riƙa sa wannan ɗan makunni a ƙarƙashin kibod ɗinsu, mai saye ya zaɓi wadda yake da ita.

Bai tsaya nan ba, kuma wannan ne ya sa na ƙara ganin girmansa. Ya ce tunda ta tashi, bari ya buɗe ta. A madabod na zamanin 386 akwai wani ɗan batir mai siffar ganga da aka lika da dalma, galibi dab da ramin kibod. Idan ya tsufa yakan zubar da ruwa ya ci layukan tagulla da ke kusa, kuma layukan kibod ne ke fara shan wahala. Na Alhaji ya fara fitar da wani kore-kore a ƙafafunsa. Ya yanke shi, ya goge wurin, ya bi layukan da mita ɗaya bayan ɗaya, ya jona wani batir ta waya ya manna shi nesa da madabod. Daga nan ya shiga saitin kwamfutar ya mayar mata da bayanin faifanta, wanda ya kwafo daga takardar da ke manne a jikin faifan. Rubuce-rubucen malamai suna nan. Ya ba Alhaji shawara a kwashe su tun tana numfashi, aka kuwa yi haka. Ya kuma ce kada a yar da kibod mai madannai 83 ɗin, don irinsa ba ya samuwa, ƙarfen da ke cikinsa da sifirin ɗinsa sun fi na duk abin da ke shagon. Da wani mai gyaran ne, da ya ce a bar masa shi a matsayin tarkace, Alhaji kuma zai bari da murna.

Aiki na biyu nawa ne. Ina da kibod na IBM mai madannai 101, irin wanda ake kira Model M, na saye shi a gwanjon kayan ofis tuntuni. Takardar da ke manne a bayansa ta nuna 1989 aka ƙera shi. Nauyinsa ya kai kilo biyu, ba ya zamewa a tebur. A ƙarƙashin kowane madanni akwai ɗan sifirin da ke lanƙwashewa idan ka danna, ya buga, ka ji a yatsa ka ji a kunne cewa harafi ya shiga. Wanda ya taso a tafireta ya san amfanin wannan: ba sai ka dubi allo ba, ba kuma sai ka danna har ƙasa ba, don haka hannu ba ya saurin gajiya. Wannan tsari na madannai 101 da IBM ya yaɗa daga 1986 shi ne har yau muke amfani da shi, F goma sha biyu a jere a sama, kibiyoyi huɗu a gidansu daban, Caps Lock kusa da A inda Ctrl yake a da. Kamfanin Lexmark ya gaji ƙera shi a 1991, daga baya Unicomp ya karɓa a 1996.

Nawa mai ƙaton kai ne. Shekaru na yi ina amfani da shi ta ɗan adafta mai mayar da ƙaton kai zuwa ƙarami mai tsinke shida, wato PS/2, ramin nan da ake yi wa launin shunayya, na linzami kuma kore. Wannan adafta ba ya ba da matsala, domin lokacin da IBM ya fito da PS/2 a 1987 girman kai kawai ya rage, maganar ta AT ce. Waya zalla ta isa. Da babbar kwamfutata ta gaji na koma laftof, sai ya zama babu rami sai USB, wanda ya fito a 1996 da tsarinsa daban gaba ɗaya.

A nan ne ake cin kuɗin mutane a kasuwa, kuma ina so masu karatu su kula. Akwai wani ɗan adafta mai araha, PS/2 a baya USB a gaba, masu tebur na sayar da shi suna cewa yana yi wa kowane kibod. Mai shagon ya ɗauko ɗaya, ya sa wuƙa ya tsaga robar a gabana. Babu komai a ciki sai 'yan wayoyi huɗu. Ya ce, "Baba, ku duba da idonku. Wanga ba shi fassara komi." An yi shi ne don kibod ɗin baya-bayan nan da aka ƙera da sanin tsarin biyu, su ke gane inda aka soka su su sauya da kansu. Kibod na 1989 bai san USB ba, don haka yana bukatar kwanbata na gaske, mai aisi a ciki, wanda zai karɓi lambobin AT ya mayar da su na USB. Ana gane shi da ɗan kumburi a tsakiyar wayar, kuma kwamfuta kan nuna ta ga sabuwar na'ura ko da ba a jona masa kibod ba. Ya gwada mini wannan ma: ya soka kwanbata shi kaɗai a laftof, ta yi ƙarar nan ta karɓar baƙo. Ya soka wanda babu komai a ciki, ko motsi.

Masu aisin ma ba duka ke ɗaukar Model M ba. Tsohon kibod ya fi na yanzu jan wuta, wasu kwanbatocin masu araha sai su kasa tayar da shi, wasu su tayar amma su riƙa sakin madanni kana riƙe da shi. Waɗanda ke shagon a ranar babu wanda ya gamsar da shi. Ɗaya ya yi kamar ya yi, har na fara murna, sai ya ce in riƙe Shift in buga layi guda da manyan baƙaƙe. Ban kai rabin layi ba haruffa suka koma ƙanana. Ya zare shi ya mayar kwali, ya ce ba zai sayar mini da shi ba, zai aika Legas a kawo wani daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Da ya iso, sai da ya zaunar da ni na buga shafi cikakke a gabansa, da lambobi da alamomi, ya kashe laftof ya kunna, ya bar ta ta yi barci ya tashe ta, sannan ya karɓi kuɗi. Kuɗin ya ninka na ɗan adaftan kasuwa sau da yawa, amma tun daga ranar harafi ɗaya bai ɓace mini ba.

Ya kuma wanke mini shi. Sukurorin Model M suna can cikin rami mai zurfi, sai da siririn sifana mai milimita 5.5, shi kuma ya goge bakin nasa da dutsen wuta har ya iya shiga. Ƙurar hunturu ta shekaru ta yi kauri a ciki. Ya cire hulunan madannan ya jiƙa a ruwan sabulu, ya shanya a inuwa. Ya nuna mini wasu 'yan dunƙulen roba baƙaƙe da suka zubo a cikin murfi, ya ce su ne ƙusoshin roba da ke riƙe farantin ƙarfe, da tsufa da zafi suke karyewa, idan sun yi yawa madannai su fara yin laushi. A ɓangaren da suka karye ya huda ya sa ƙananan sukurori, sauran ya bar su. Madannin Enter na gefen lambobi da ya daɗe yana nauyi ya dawo daidai.

Abu biyu ya faɗa mini tun kafin in tambaya. Na ɗaya, wannan kibod ba shi da madannin Windows, don sai a 1994 aka fara sa shi. Ctrl da Esc tare suna buɗe abin da yake buɗewa. Na biyu ya shafi Hausa, kuma ya fi damuna, domin ina buga wa ɗaliban Hausa aiki, malamansu kuma ba sa karɓar kasa a wurin ƙasa. Mutane da yawa na zaton sai an sayo kibod na musamman kafin a sami ɓ da ɗ da ƙ. Ba haka ba ne. Tunda lambar gurbi kawai kibod ke aikawa, manhajar kwamfuta ce ke yanke wane harafi zai fito. Tsarin da ya saita mini yana fitar da masu lanƙwasa idan na haɗa harafin da Alt na dama, kuma Model M yana da Alt biyu. Na Alhaji mai madannai 83 kuwa Alt ɗaya gare shi, Ctrl ɗaya, babu F11 da F12, kibiyoyinsa kuma a cikin gidan lambobi suke. Wanda zai yi aiki da shi a Windows sai ya haɗa Ctrl da Alt a madadin Alt na dama, bayan ya sami kwanbata na musamman da ya san tsarin XT, don na kasuwa AT kawai suka sani. Irin wannan ba ya ajiye shi, sai an ba da saƙo.

Akwai wani abu da ya shafe mu mutanen Kebbi fiye da wasu. Muna iyaka da Nijar da Benin, kayan hannu da yawa ta Kamba suke shigowa daga Kwatano da Gaya, kuma asalinsu Faransa ne ko Beljiyam. Kibod ɗinsu A ne a gurbin Q, Z a gurbin W, M kuma ya koma kusa da L. Na Jamus kuwa Z da Y ne suka yi musaya. Na Turai galibi madanninsu 102, da ƙarin ɗaya kusa da Shift na hagu. Duk suna aiki da kowace kwamfuta da ramin ya dace, rubutun da ke kan madannan ne kawai ba zai yi daidai da abin da ke fitowa ba idan kwamfutar na kan tsarin Ingilishi. Ni da ba na kallon hannu, babu ruwana. Amma na sha ganin yara masu koyo an sayo musu irin wannan, su danna inda aka rubuta A ya ba su Q, a ce kibod ya lalace. A shagon nan an ware su a kwali daban, ana faɗa wa mai saye, ana kuma rage masa kuɗi. Na ga wata baiwar Allah ta zo saya wa ɗanta, ta ɗauki mai arahar, ya ce, "Hajiya, in koyo zai yi, ku bar wanga, zai rikita mai hannu." Ta ɗauki ɗayan.

Yana da wani kwali kuma da ya rubuta wa "kada a soka" da maka. A ciki akwai kibod na Amstrad PC1512, kwamfutar Ingila ta 1986, wadda duk da tana aiki da manhajojin IBM, kibod ɗinta nata ne ita kaɗai. Akwai na Apple mai ƙaramin kai zagaye mai tsinke huɗu, tsarin ADB da ya fara a 1986, wanda mai gaggawa zai ɗauka PS/2 ne ya yi ta dannawa har ya lanƙwasa tsinke. Ya ba ni labarin na Amiga 2000, mai ƙaton kai da tsinke biyar sak irin na IBM, amma maganarsa daban, da na Macintosh ta 1984 mai waya irin ta kan tarho. Kama da wane ba ta wane. A wancan zamani kowane kamfani gabansa yake ci, sai da kwamfutocin da ke bin tsarin IBM suka mamaye kasuwa aka sami daidaito.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne. Alkawarin lokaci ba shi da ƙarfi a shagon nan. Kwanbatan da aka ce mako guda ya ɗauki fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma ba a kira ka a sanar da kai, sai ka je ka tarar babu. Mai aikin ɗalibai da ranar miƙawa ke jiransa ba zai iya dogara da irin wannan ba. Ba a ba da rasit, ba a rubuta farashi a ko'ina, ba a manna suna a jikin kayan mutane. Mai shagon yana riƙe komai a kansa, kuma yana riƙewa, amma ranar da ba ya nan yaransa ba su san na wane ne wane ba. Na taɓa zuwa na tarar da wayar kibod ɗina, wadda ake iya zarewa daga jikinsa, a cikin kwalin wayoyin sayarwa. Da wani ya riga ni, da ta tafi, irinta kuma ba a samunta a garin nan.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hannun yaran. Sun taso da USB, sun saba a zare a soka kwamfuta na kunne. Ramin AT da na PS/2 ba a yi su don haka ba. A tsohon madabod, soka kibod da wuta a jiki na iya ƙona ɗan fis ɗin da ke tsaron ramin, wani lokaci har aisin. A gabana ɗaya daga cikinsu ya zare kibod daga tsohuwar kwamfutar wani yana shirin soka wani ba tare da ya kashe ba. Maigidan ya daka masa tsawa ya tsaya. Amma don yana wurin ne. Ilimin da ke shagon nan a kan mutum ɗaya yake, bai gangaro ga yaran ba tukuna, kuma na faɗa masa haka. Ya ce suna ganin tsofaffin kayan ɓata lokaci ne, waya da laftof suke so. Na fahimce su, can kuɗi yake, sai dai wanda zai kai tsohuwar na'ura ya tabbatar hannun maigidan ya ba, ba na yaro ba.

Wurin zama ma babu kirki, benci ɗaya ne, rana kuma na dukan ƙofar shagon da yamma, a watan Afrilu ba a magana. Da safe ya fi, kafin a kira maigidan aikin waje a ofisoshi, don in ya fita yakan kai la'asar. Yana da sola, saboda haka ɗauke wuta ba ya tsayar da gwaji.

Wanda sabon kibod na USB kawai yake so, ba sai ya zo nan ba, ko'ina a layin zai samu, watakila ma da sauƙi. Wanda ke da tsohuwar na'ura kuwa, ya ɗauko kwamfutar da kibod ɗin da duk wayoyinsu tare, don daga baki ba a gane wane tsari ne, sai an gani an gwada. Kafin ya fito daga gida ma ya kife kibod ɗin ya duba ƙarƙashinsa, wani lokaci makunnin yana ɓoye a bayan ƙafar da ake ɗagawa ko cikin wani ɗan rami. Idan ya ga XT da AT, ko X da A, kwamfuta mai ƙwaƙwalwa 286 zuwa sama AT take so, mai tsohuwar ƙwaƙwalwa 8088 kuma XT. A kashe kwamfutar tukuna, a tura makunnin, sannan a kunna.